Kuskure, Laifi da Yarda: Tarihin Ƙarar Likitoci a Shari'ar Faransa da Abin da Nijar ta Gada

A cikin aikin tattara kalmomin shari'a da na kiwon lafiya, akwai kalmomi biyu na Faransanci da kan tsai da mai fassara zuwa Hausa, wato faute da consentement. Ƙamus yakan ba da «laifi» ga ta farko, «yarda» ga ta biyu, kuma a maganar yau da kullum wannan ya wadatar. Amma a bakin alƙalin da ke duba ƙarar majinyaci a kan likitansa, kowace daga cikinsu tana ɗauke da ma'anar da kotunan Faransa suka gina mata a hankali, hukunci bayan hukunci, tun daga shekarun 1830. A cikin wannan maƙala za mu bi sawun wannan gini, domin mu nuna abu guda: da farko a hannun likita kotu take neman laifi, daga baya ta koma nemansa a bakinsa, wato a cikin abin da ya faɗa wa majinyaci da abin da ya yi shiru a kai. Nijar ta gaji wannan shari'a ana tsakiyar ginin, kuma sashen da aka ƙara bayan 1960 kusan dukkansa maganar harshe ce. Shi ya sa muke ganin mai nazarin harshe yana da ta cewa a nan.

1. Lokacin da ake duban hannu

Kundin dokokin farar hula na Faransa, Code civil na 1804, bai ambaci likita ba a inda yake maganar biyan ɓarna. Aya ta 1382 da ta 1383 sun tsaya a kan cewa duk wanda ya jawo wa wani cuta da laifinsa, ko da sakacinsa, ko da rashin lurarsa, to gyara ya hau kansa. Tambayar da ta taso ita ce ko likita yana cikin wannan «duk wanda».

A 1825 wani likita mai suna Hélie ya je karɓar haihuwa mai wuya a yankin Domfront, inda hannuwan jaririn suka riga fitowa. Ya ɗauka hannuwan sun mutu, ya yanke su duka biyu don ya ceci uwar, sai ga yaro an haife shi da rai, ya kuma rayu. Da iyayen suka kai ƙara, kotu ta nemi ra'ayin Académie de médecine, ita kuwa a 1829 ta amsa da cewa likitan da ya yi aiki da zuciya ɗaya ba shi da alƙali sai lamirinsa, in ba an tabbatar da mugun nufi ba. Kotun Domfront ba ta bi wannan ra'ayi ba, ta ci Hélie diyya.

Shari'ar da ta kafa tushe ita ce ta Thouret-Noroy. Wannan likita ya tsaga wa wani mutum mai suna Guigne jijiya don ya zubar masa da jini, magani ne da ya zama ruwan dare a Turai ta wancan zamani, bai kuma yi nisa da aikin wanzami na wajenmu ba. Askar ta taɓa babbar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, hannu ya kumbura, likita ya daina zuwa, nama ya ruɓe, daga ƙarshe aka yanke hannun. Ranar 18 ga Yuni 1835 Kotun Ƙoli ta Faransa, wato Cour de cassation, ta tabbatar da hukuncin da ƙananan kotuna suka yanke masa. Babban lauyan gwamnati Dupin ya shata iyakar da aka daɗe ana bi: alƙali ba zai shiga gardamar masana a kan wane magani ya fi ba, amma sakaci da watsi da majinyaci da jahiltar abin da kowane likita ya kamata ya sani, waɗannan abubuwa ne da kotu ke iya aunawa.

Shekara 101 bayan haka, ranar 20 ga Mayu 1936, aka yanke hukuncin Mercier. Matar da ake magana a kanta an yi mata maganin ciwon hanci da hasken rayons X, fuskarta ta ƙone, ba ta kuma kai ƙara ba sai da shekara uku suka wuce, wato bayan wa'adin da doka ta yanka wa ƙarar rauni na rashin lura. Domin kada wa'adin ya kashe ƙarar, kotu ta ce tsakanin likita da majinyaci akwai yarjejeniya ta gaskiya, wa'adin yarjejeniya kuwa a lokacin shekara 30 ne. Likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba. Alkawarinsa shi ne kulawa cikin natsuwa da tsare amana, daidai da abin da ilimi ya riga ya tabbatar. Masana shari'a suna kiran wannan obligation de moyens. Bahaushe da ke cewa magani sai da dace, waraka kuma ta Allah ce, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

2. Kuskure da laifi

Daga nan ne bambancin da ya fi damun mai fassara ya fito, wato tsakanin erreur da faute, wanda Jean Penneau ya yi littafi sukutum a kansa a 1973. A shari'ar Faransa, likita ya kasa gane cuta, ko ya ɗauki wannan a madadin waccan, ba laifi ba ne a karan kansa. Yana zama laifi ne idan bai bi hanyar da likita mai lura zai bi ba: bai saurari majinyaci ba, bai taɓa shi ba, bai sa a yi awon da ya kamata ba, ko ya ƙi neman shawarar wanda ya fi shi sani. Ke nan abin da ake tuhuma shi ne hanyar da aka bi, ko da kuwa sakamakon ne ya kawo mutane kotu.

Hausa ba ta rasa kayan wannan rarrabewa ba, sai dai ba a wuri ɗaya take yanka da Faransanci ba. Asalin «kuskure» na maharbi ne, wanda ya auna ya saki kibiya ta kauce. Akwai niyyar dacewa a ciki, don haka kalmar tana zuwa da uzurinta. «Sakaci» na wanda ya saki abin da aka ba shi riƙo ne. «Ganganci» ya fi su nauyi, domin mai shi ya ga haɗari ya kutsa. «Laifi» kuwa ta faɗaɗa ƙwarai, tana kama tun daga ƙin gaida baƙo har zuwa kisan kai, kuma a kunnen mai sauraro tana jan hukunci da kunya fiye da biyan diyya. A ganinmu faute ta likita ta fi kusa da sakaci da ganganci a haɗe, kuma duk fassarar da ta mai da ita «kuskure» ta riga ta wanke likitan tun kafin a zauna shari'a. Wadda ta mai da ita «laifi» kurum, ita kuma takan sa dangin majinyaci su zaci kurkuku ake nema wa mutum, alhali da yawa daga cikinsu ba sa son ɗaukar alhakin ɗaure kowa a kan abin da suke kira kwana ya ƙare.

Wata wahala ita ce ta sanadi. Idan an makara wajen gane cuta mutum ya mutu ko ya nakasa, wa zai rantse cewa da an gane da wuri zai tsira? A Disamban 1965, cikin shari'ar wani yaro da aka yi kuskuren gane irin raunin da ya samu a gwiwar hannu, Kotun Ƙoli ta amince da abin da ake kira perte de chance: ba a biyan nakasar dukkanta, ana biyan damar warkewa da aka tauye. Tunani ne na lissafin yiwuwa, kuma fassara shi ga mutanen da suka tashi da imanin cewa ajali ba ya gaba ba ya baya aiki ne da ke son hankali. «Dama» ta fi «sa'a» dacewa, domin ana iya hana mutum dama, sa'a kuwa ba a hannun kowa take ba.

Inda wannan hanya ta kai maƙura shi ne hukuncin Perruche na 17 ga Nuwamba 2000. A 1982 likita da ɗakin awon jini sun gaya wa wata mai ciki cewa ba ta ɗauke da cutar rubéole, alhali tana ɗauke da ita. Aka haifi yaro da nakasa mai tsanani, kotu kuma ta ba yaron kansa diyya. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa majalisa ta toshe wannan ƙofa a ayar farko ta dokar 4 ga Maris 2002.

3. Daga hannu zuwa baki

Maganar yarda ta shigo ta wata ƙofa dabam. Wani direba mai suna Teyssier ya karye a hannu cikin haɗarin mota, aka kai shi asibiti a Bordeaux. Akwai hanya biyu: a ɗaure hannun da filasta, ko a tsaga a haɗa ƙashin da ƙarfe. Likitan fiɗa, Parcelier, ya zaɓi ta biyu bai gaya wa mai hannun abin da ke cikinta ba, bai kuma ambata masa ta farko ba. Miki ya ɓaci, aka yanke hannu. Ranar 28 ga Janairu 1942 kotu ta ce likitan fiɗa, in ba larura ta gaggawa ba, tilas ne ya sami yardar majinyaci kafin ya taɓa shi, ta kuma kafa wannan a kan girmama ɗan Adam. Abin lura shi ne ba a ce hannun Parcelier ya kauce ba. Shirunsa ne laifin.

Sai dai kafa ƙa'ida daban, wa zai kawo hujja daban. A 29 ga Mayu 1951, cikin shari'ar wani da aka yanke wa ƙafa sakamakon kuskuren gane cutarsa, kotun ta ɗora nauyin hujja a kan majinyaci: shi zai tabbatar cewa ba a yi masa bayani ba. Duk wanda ya san shari'a ya san wuyar tabbatar da abin da bai faru ba, balle magana da aka yi ko ba a yi ba a ɗaki tsakanin mutum biyu. Shekara 46 wannan ƙa'ida ta yi tana kare likitoci.

A 21 ga Fabrairu 1961 aka fayyace siffar bayanin da ake so: ya zama mai sauƙi, ba sai ya ƙunshi kowane ɗigo na ilimi ba, ya zama abin da mai saurare zai fahimta, kuma babu rufa-rufa a ciki. Kalmar intelligible da kotu ta yi amfani da ita ita ce ta fi jan hankalinmu, saboda ta ɗauke ma'auni daga mai magana ta kai shi ga mai ji. Likita zai iya faɗin gaskiya tsantsa cikin kalmomin sana'arsa, a ce bai yi bayani ba.

Juyin ya zo ranar 25 ga Fabrairu 1997 da hukuncin Hédreul. An leƙa babban hanjin wannan mutum da bututu don cire wani tsiro, hanjin ya huje, ya ce ba a taɓa gaya masa hakan na iya faruwa ba. Kotu ta ce wanda doka ta ɗora wa yin bayani shi ne zai tabbatar ya yi. Amma Hédreul kansa bai ci komai ba: a Yunin 2000 kotun ta amince da cewa, tun da ciwon dajin hanji ne ya kashe mahaifinsa, ko da an faɗa masa haɗarin da ya yarda a yi. A tsakani, cikin Oktoban 1998, an ƙara cewa haɗari mai tsanani tilas a ambace shi ko da ba kasafai yake aukuwa ba. Dokar 4 ga Maris 2002, wadda ake kira da sunan ministan lafiya Bernard Kouchner, ta tattara duk wannan cikin rubutu: bayani a zama na keɓe tsakanin likita da majinyaci, yarda cikin 'yanci da sani wadda ana iya janye ta a kowane lokaci, nauyin hujja a kan likita ko asibiti, da asusun gwamnati na biyan wanda ya cutu ba da laifin kowa ba. A Yunin 2010 kotu ta ƙara da cewa hana mutum bayani cuta ce a karan kanta, wadda alƙali ba zai bari ba diyya ba.

4. Abin da ke nan kafin Code civil, da yadda Code civil ya iso

Kada mai karatu ya ɗauka Turawa ne suka fara kawo tunanin nan ƙasar Hausa. Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Maraɗi da Tawa sun daɗe da babin lamunin likita. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ɗauki misalin mai kaciya da askarsa ta zarce: diyya ta wajaba, kuma tun da kuskure ne, dangin mai kaciyar na wajen uba su ke ɗaukar ta. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya bambanta a cikin Bidayatul Mujtahid tsakanin gwani da ya kuskure da wanda ya shiga sana'ar bai san ta ba; na biyun, ban da diyya, akwai horo a kansa. Muhtasar na Halil, na ƙarni na 14, ya jera hali uku da likita ke lamuni a cikinsu: in ya jahilta, in ya gaza, ko in ya yi aiki ba tare da izinin da shari'a ke ƙirgawa ba. Wannan na ukun shi ne maganar Teyssier, ƙarni shida kafin Teyssier, kuma daga kalmar Larabcin nan ce Hausa ta sami «izini».

Akwai bambanci duk da haka. Abin da ya fi damun malaman fiƙihu shi ne wane ne ke da ikon ba da izini: baligi mai hankali a kan kansa, waliyyi a kan yaro, ubangiji a kan bawa. Tambayar da kotunan Faransa suka ƙare a kanta, wato me mai ba da izinin ya sani lokacin da ya bayar, ba ita ce kan gaba a wurinsu ba. Dalilin a fili yake. Aikin da suke magana a kai, kaciya da ƙaho da tsaga da cire haƙori, aiki ne da kowa ya san kamanninsa. Uban da ya kai ɗansa wurin wanzami a cire masa beli, ko wurin maɗori, ya sha ganin ana yi, harshensu ɗaya da mai aikin, sau da yawa unguwarsu ɗaya, in kuma abu ya ɓaci akwai Sarkin Aska ko mai gari da za a kai wa kuka. Kai yaron da hannunsa shi ne izinin.

Likitancin Turawa ya iso da wata fuska. An kafa Assistance médicale indigène a Afirka ta Yamma ta Faransa a 1905, makarantar likitoci ta Dakar a 1918, kuma babban aikinsu yaƙi da annoba ne, ta hanyar ayarin da ke bin ƙauyuka ana tara jama'a da umurnin kwamanda da sarki. A irin wannan layi ba a tambayar kowa ko ya yarda. A shekarar da kotun Paris ke maganar girmama ɗan Adam a kan hannun Teyssier, mutanen Nijar talakawan mulki ne a ƙarƙashin indigénat da aikin tilas, waɗanda ba a soke ba sai 1946. Ko bayan haka ɗabi'ar ba ta sauya nan take ba. Guillaume Lachenal, a littafinsa na 2014 a kan allurar Lomidine da aka riƙa yi wa jama'a don rigakafin ciwon barci, ya ba da labarin Yokadouma a gabashin Kamaru, inda a Nuwamban 1954 allurar da ta gurɓata ta kashe kimanin mutum 30.

Da aka sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, tsarin mulkin Nuwamban shekarar ya bar dokokin da ke aiki su ci gaba har sai an sauya su. Ta haka Code civil ya zama na Nijar, da ayoyinsa na 1382 da 1383, waɗanda Faransa kanta ta sauya wa lamba a 2016. Thouret-Noroy da Mercier da Teyssier, da ƙa'idar 1951 mai ɗora hujja a kan majinyaci, duk suna cikin kayan gadon. Hukuncin da ya ce bayani ya zama abin fahimta ya zo wata shida bayan rabuwa. Shi da Hédreul da dokar 2002 ba su zama tilas a kan alƙalin Nijar ba, ko da yake yana iya dubansu, tun da cikin wannan al'ada aka horar da shi. A ƙara da cewa fiɗa a ƙasarmu galibi a asibitin gwamnati ake yin ta, inda ƙara kan zama ƙarar hukuma, kuma a Faransa ma sai a Afrilun 1992 aka daina neman «babban laifi» kafin a ci asibitin gwamnati diyya a kan aikin likita.

5. «Na yarda»

Fi'ilin «yarda» yana aiki iri biyu. Ana cewa «na yarda da shi», ana kuma cewa «na yarda a yi». Na farko amana ce da aka ba mutum, na biyu izini ne a kan wani aiki takamaimai. «Amince» ma haka take, daga tushen amana ta fito. Consentement éclairé na shari'a na biyun kaɗai yake nufi, kuma da sharaɗin sani. Majinyacin da ya ce wa lokotoro «na yarda», ko ma ya tsaya a kan «to», wadda sau da yawa ba ta wuce «na ji» ba, yana iya nufin na farkon: na ba ka kaina, kai ka sani. Tambayar manya dalla-dalla rashin kunya ce a tarbiyyarmu, ambaton mugun abu kafin ya faru kuma ana gudunsa kamar kiransa ne. Saboda haka likitan da ya jera wa mutum haɗurran fiɗa kamar yadda dokar 2002 ke so yana iya zama, a idon dangi, mai mugun baki.

Sa'an nan ga wanda ke tsakani. Likitan Nijar da Faransanci ya yi karatu, ko a Yamai ko a waje, da shi yake tunanin cuta, da shi yake rubuta takardar majinyaci. Ko Bahaushe ne, sau da yawa ba shi da kalmomin sana'arsa a harshen uwarsa. In kuwa Bazabarme ne aka tura Tasawa, ko baƙo ne daga wata ƙasa, sai da tafinta. Tafintan kuwa shi ne duk wanda ke kusa: ma'aikacin jinya, mai shara, ɗan rakiya, wani lokaci yaron majinyaciyar da ya yi lakwal. Amadou Hampâté Bâ ya gina littafinsa na 1973 a kan Wangrin, tafintan zamanin mulkin mallaka, da irin ikon da ke hannun mai tsayawa tsakanin harsuna biyu. A asibiti ikon yana nan, sai dai babu wanda ya naɗa mai shi. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar, Yamai a ciki, wanda ya fito a 2003 da sunan Une médecine inhospitalière, ya nuna yadda ake sallamar majinyaci cikin gaggawa ba tare da an gaya masa abin da ke damunsa ba, musamman in ba shi da wanda ya sani a gidan.

Kuskuren gane cuta yakan fara tun daga nan. «Zahi» a bakin mutumin Maraɗi ba ya daidai da cuta guda a littafin likita; yana iya tattara basir da ciwon ciki da wasu alamu da likita zai raba gida uku. «Shawara» tana rufe duk abin da ke sa ido rawaya, «sanyi» kuma ya fi su yawo. Tafinta yakan zaɓi kalmar Faransanci guda ya miƙa, likita ya gina a kanta. In ginin ya rushe, shari'ar da muka gada za ta tambayi ko likita ya bi hanyar da ta dace, amma ba ta da gurbin tambayar wa ya fassara.

A wajen fiɗa misalin da ya fi ba mu tsoro shi ne na ɗaure hanyar ƙwai don tsai da haihuwa, wanda jama'a ke kira «juya mahaifa». Abin da aka juya, a hankalin mai jin Hausa, ana iya juyo shi. Matar da aka tambaya ko ta yarda a juya mata mahaifa ta huta, ta ce ta yarda, ta dangwala yatsa a takardar Faransanci da ke cewa aikin na har abada ne, a kan me ta yarda? Tun da aka mai da fiɗar haihuwa kyauta a Nijar a 2005, matan karkara da ke shiga ɗakin fiɗa sun ƙaru, da yawa cikin gaggawa, inda ake neman miji ko uba ya sa hannu yayin da mai jikin ke kwance tana ji. Wannan tsari ya fi kama da tambayar Halil, wa ke da izini, fiye da tambayar 1961.

Shari'ar da ta fito da wannan matsala fili a ƙasar Hausa ba ta fiɗa ba ce, ta gwajin magani ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin yara kimanin 200, rabinsu aka ba sabon maganin, rabi kuma wani sananne. 11 suka rasu. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya na wurin sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma yarda da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba da damar a saurari ƙararsu, a shekarar kuma aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Jimlolin Hausar da aka furta a wannan asibiti, waɗanda gardamar duka ta rataya a kansu, ba su shiga rubutu ba.

Faransa ta waiwayi wannan gurbi a makare: dokar lafiya ta 26 ga Janairu 2016 ce ta shigar da aikin tafinta cikin kundin dokokin kiwon lafiya, hukumar kula da ingancin jinya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2017, duk don baƙi marasa rinjaye. A Nijar marasa jin harshen takarda su ne mafi yawan majinyata. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan za a rubuta takardar yarda da Hausa, abin da muke ba da shawara shi ne kada a tsaya a kan «na yarda». A rubuta sunan aikin da kalmar da majinyaci ya ji da kunnensa, a faɗi ko abin da za a cire ko a ɗaure yana komawa ko ba ya komawa, a bar layi na harshen da aka yi bayani da shi, da wani layin na sunan wanda ya fassara.